Me Ya Haɗa Tekun Fasifik da Rumbun Manomin Gumel?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Da damina ina noma gero da wake da riɗi, ɗana kuma yana noman shinkafa a wajen Auyo. Kusan duk shekara sai na ji a rediyo ana cewa El Nino yana tafe ko La Nina ta shigo, wai su ne ke kawo fari da ambaliya da tsadar abinci a duniya. Da gaske ne ɗumin ruwan wani teku da ban taɓa gani ba zai iya taɓa daminarmu? In aka ce shekarar El Nino ce, in rage shuka ne? Kuma ina ruwansa da kuɗin tiya a kasuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da damina mai albarka.

Da gaske ne, sai dai ba da ƙarfin da labaran rediyo suke sa mutum ya ɗauka ba. El Nino yakan iso ƙasarmu ta sama, ya taɓa ruwan damina, yakan kuma iso ta kasuwa. Ta saman nan ba shi da tabbas: wata shekara ya rage mana ruwa, wata shekara ya zo ya wuce ba mu ji komai ba. Ta kasuwa kuwa da wuya ya kuskure mu, ko da gonarka ta yi kyau. Saboda haka kada ka rage shuka don an ambaci El Nino. Abin da ya kamata ya canja shi ne irin da za ka shuka, da lokacin zuba taki, da yadda za ka riƙe abin da ka girbe.

Tekun Fasifik shi ne mafi girma a duniya, ya rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na doron ƙasa. A tsakiyarsa, inda rana ta fi duka, akwai iskar da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, daga gaɓar Kudancin Amurka zuwa wajen Indunisiya da Ostareliya. Ka ga yadda in kana hura koko mai zafi a kwano, samansa yake taruwa a ɗaya gefen, in ka daina hurawa ya dawo ya baje? Haka iskar nan take tara ruwa mai ɗumi a yammacin tekun. Inda ruwa mai ɗumi ya taru, nan tururi yake tashi, nan hadari yake haɗuwa, shi ya sa Indunisiya ba ta rabo da ruwan sama. A ɗaya gefen, wajen ƙasar Peru, ruwa mai sanyi ne yake tasowa daga ƙarƙashi, kifi ya yi yawa, amma gaɓar ta zama hamada.

Duk bayan shekara biyu zuwa bakwai sai iskar ta yi rauni. Ruwan ɗumin ya gangaro gabas, hadarin ma ya biyo shi. Wannan shi ne El Nino, kuma yakan ɗauki wata tara zuwa shekara. Ɗumin da ake magana bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba, a manyan shekaru ya ɗan haura biyu. Abu ne da ko hannu ka tsoma ba lallai ka ji ba, amma a shimfiɗe yake kan dubban kilomitoci, don haka sai ya karkatar da tafiyar iska a duniya baki ɗaya. Indunisiya da Ostareliya su bushe, Peru ta sha ambaliya, daminar Indiya sau da yawa ta yi rauni, kudancin Afirka ya shiga fari, Kenya da Somaliya su sha ruwa fiye da kima a ƙarshen shekara, Ajantina ta samu damina mai kyau. In kuwa iskar ta ƙara ƙarfi fiye da yadda ta saba, gabashin tekun ya ƙara sanyi, to La Nina ke nan, kuma kusan komai sai ya juya.

Yunwa ce ta sa aka gano wannan. A 1877 da 1878 ruwa ya ɗauke a Indiya da arewacin Sin da arewa maso gabashin Barazil duk a lokaci guda, miliyoyin mutane suka mutu, kuma ana cikin haka ana ɗora alkamar Indiya a jiragen ruwa zuwa Ingila. Bayan wata yunwar a 1899, aka tura wani Bature masanin lissafi, Gilbert Walker, ya shugabanci ma'aikatar yanayi ta Indiya daga 1904. Shi ya tara bayanan tashoshin duniya ya ga cewa in nauyin iska ya hau a gabashin Fasifik sai ya sauka a yammacinsa. Sai a 1969 wani masanin yanayi, Jacob Bjerknes, ya nuna cewa wannan hawa da saukar da ɗumin ruwan Peru abu ɗaya ne. El Nino na 1982 zuwa 1983 ya shammaci masana, daga nan aka jera na'urori a cikin tekun, shi ya sa yau ake iya ganin tahowarsa da watanni. Riƙe wannan, don zai yi maka amfani: hasashen El Nino da aka yi kafin watan Mayu ya fi saurin kuskure, kuma daidai lokacin ne kai kake yanke shawarar shuka.

Yanzu mu dawo gida. Ruwanmu ba daga Fasifik yake zuwa ba, daga Tekun Atilantika yake, wajen Legas da Akara. Da bazara Sahara takan yi zafi ƙwarai, sai ta jawo iska mai laima daga kudu maso yamma, ta ture iskar hunturu zuwa arewa. Inda iskokin biyu suka haɗu ba a ruwa, ruwan yana biye da ɗaruruwan kilomitoci a baya. Shi ya sa za ka ji iska ta juya, zufa ta ƙaru, shamuwa ta iso, amma sama shiru. Watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Hadarin kansa kuma daga gabas yake taso mana, kamar yadda kowane manomi ya sani, domin akwai wata iska a can sama da ke kora shi yamma. Laima daga kudu, hadari daga gabas.

Matsalar Gumel ita ce kuna kusa da bakin wannan shimfiɗa ta ruwa. A Doguwa da Tudun Wada, kudancin Kano, ruwan shekara yakan haura milimita 1,000. Kafin ka kai Maigatari ya sauko wajen 600 ko ƙasa da haka. In shimfiɗar ta gaza hawowa da kilomita ɗari kacal, mutumin Zariya ba zai ji sosai ba, kai kuwa ruwan ƙasar Damagaram za ka samu.

To me yake sa ta hawo ko ta noƙe? Tekuna da yawa ne suke jan ta, Fasifik ɗaya ne kawai a cikinsu, kuma ba shi ne babba a wajenmu ba. In arewacin Atilantika ya fi kudancinsa ɗumi, ruwa yakan hawo mana. In Bahar Rum ya yi ɗumi, yakan ƙara mana laima. In kuwa ruwan gaɓar Gini, nan kusa da Legas, ya yi ɗumi fiye da kima, sai damina ta tsaya a kudu ta bar mu. El Nino yana karkata ne wajen rage mana ruwa, kuma an ga haka a 1972 da 1983 da 1987. Amma 1984, shekarar da ta fi kowace bushewa a yankin Sahel a wancan zamani, ba shekarar El Nino ba ce, gaɓar Gini ce ta yi ɗumi. A 2015 kuma an yi El Nino na ji da gani, damina ta makara, amma Agusta da Satumba suka rama a wurare da dama. In ka ji an ce El Nino, fassararsa a wajenka ita ce yiwuwar ƙarancin ruwa ta ɗan ƙaru. Ba hukunci aka yanke ba.

Dogon farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai tsakiyar 1980, wanda kila ka tuna ko ka ji daga manya, shi ya fi nuna ƙarfin teku. Dabbobi sun ƙare a 1973. Tafkin Cadi, da yake da faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Gyaɗa tana fama da farin sai cutar kuturta ta auka mata a 1975, dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi ba. A lokacin an ɗora laifin a kan makiyaya da mata masu itacen girki, wai su suka kori ruwa. A 1986 masana a ma'aikatar yanayi ta Ingila suka nuna cewa tushen abin yana teku: arewacin Atilantika ya yi sanyi, tekunan kudu sun yi ɗumi. Binciken da ya biyo baya ya nuna har hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, da yake tare hasken rana, yana da hannu a wannan sanyin. A ganina an zalunci Fulani da wannan zargi na shekara da shekaru. Ba ina cewa sare itace ba ya ɓarna ba ne, yana kashe ƙasa, yana buɗe wa rairayi hanya. Amma ba gatari ne ya tsayar da daminar 1984 ba.

Daga shekarun 1990 ruwa ya dawo, sai dai da sabon hali. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa manya-manyan hadarori masu zuba kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel daga 1982, saboda Sahara tana ƙara zafi. Ma'ana ruwan shekara yana iya cika a lissafi, amma ya zo a 'yan kwanaki, ya wanke taki, ya rushe gidajen ƙasa, sannan a yi kwana goma sha biyar ba ɗigo. Nan ne maganar ɗanka ta shigo. Shekarun La Nina sukan karkata wajen yawan ruwa a ƙasarmu, kuma 2020 da 2022 duk a cikinta suka faɗo. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ruwan da yake cin Ringim da Auyo da Haɗejiya yawancinsa ba a can ya zuba ba, daga kudancin Kano yake, ta kogin Kano da na Challawa. In madatsar Tiga, da aka gama a 1974, da ta Challawa, da aka gama a 1992, suka cika, dole ruwa ya wuce, ga kuma kacalla ta toshe magudanai a ƙasa. Alherin da ke ciki shi ne shekarar da ta cinye shinkafar damina takan bar madatsa cike don noman rani.

Amfanin gona bai damu da jimillar ruwan shekara ba, ranar da ya zo ce damuwarsa. Gero yana ƙarami zai naɗe ganye ya jira, ruwa na sauka ya farfaɗo. Amma in fari ya same shi ya fidda kai yana bununi, zangarniya za ta fito babu ƙwaya. Masara ta fi kowa rashin haƙuri: kwana goma babu ruwa lokacin da take goyo ya isa ya tafi da rabin abin da ka sa rai, kuma zafin da ya haura digiri 35 yana kashe garin furenta. A shekarun nan na yawan ruwa masara ta hau arewa sosai, don ta fi ba da buhu in an sa taki, ga masu abincin kaji suna nema. A jigawar Gumel kuwa kasada ce, ban ba ka shawarar ka ba ta babbar gonarka ba. Dawarmu ta gargajiya tana da nata sirrin: ba kwanakin shuka take ƙirgawa ba, gajartar yini take jira kafin ta yi ciki, ta yadda za ta fidda kai daidai ƙarshen damina. A shekara mai kyau dabara ce babba, domin ƙwayar za ta nuna a bushe, ba ta yin fumfuna. In ruwa ya ɗauke da wuri kuwa, sai ka girbi kara.

Sai hanyar kasuwa, wadda na ce ta fi tabbas. In aka haɗa gonakin duniya gaba ɗaya, abin da El Nino yake ragewa a masara da shinkafa da alkama 'yan kaso kaɗan ne cikin ɗari, waken suya ma yakan ƙaru, domin asarar wani yanki ribar wani ce. Me ya sa to farashi yake tashin gwauron zabo? Domin masu sayar wa duniya abinci ba su da yawa. Masarar da ke tsallaka teku yawancinta daga Amurka da Barazil da Ajantina da Yukiren take. Shinkafa kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai na abin da ake nomawa yake fita daga ƙasar da aka noma shi, kuma Indiya ita kaɗai tana da kusan kashi 40 cikin ɗari na wannan cinikin. In biyu ko uku daga cikin waɗannan suka samu matsala lokaci ɗaya, kamar yadda ya faru da masara a 1983, babu mai cike gurbin. El Nino kuma ya ƙware wajen buga wurare masu nisa da juna a shekara guda.

Abin da ya fi farin kansa ɓarna shi ne tsoro. A 2008 shinkafa ta ninka kuɗinta kusan sau uku cikin 'yan watanni alhali ba a yi wata babbar asara a gona ba, Indiya da Biyetnam ne suka tsayar da fitarwa, masu saye suka ruɗe, aka yi tarzoma a Sanagal da Kamaru da Burkina Faso. A 2010 zafi ya ƙone alkamar Rasha, gwamnati ta hana fitarwa a watan Agusta, burodi ya yi tsada har Masar. A Yulin 2023, da El Nino ya kunno kai, Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, a Agusta ta ɗora harajin kashi 20 a kan turararriya, irin wadda ake saukewa a Kwatano. Farashin shinkafa a duniya ya kai inda bai kai ba cikin shekara 15.

Inda abin ya faɗa kai tsaye kuwa ba a magana. A 2015 zuwa 2016 sama da mutum miliyan 10 suka buƙaci agajin abinci a Habasha. A farkon 2024 Zambiya da Malawi da Zimbabuwe duk sun ayyana dokar ta-ɓaci, Zambiya ta rasa kusan rabin masararta, ruwan madatsar Kariba ya ja har wutar lantarki ta gagara. La Nina ma ba ta da sauƙi: daga 2020 zuwa 2022 damina biyar a jere ta gaza a Somaliya da kudancin Habasha da arewacin Kenya. A yunwar Somaliya ta 2011 an ƙiyasta mutum kusan 260,000 suka rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Makwabtanta sun sha farin nan ɗaya, amma ba su yi irin wannan rashi ba. Yaƙi da toshe hanyar agaji ne suka mai da fari ya zama yunwa.

Ta yaya duk wannan yake isa kasuwar Gumel? Sama da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da muke ci shigo da ita ake yi. In fulawa ta hau, burodi da taliya su hau, mutanen birni su koma kan shinkafa da masara. In masara ta hau, masu abincin kaji su koma sayen dawa. In dawa ta hau, gero ba zai zauna ba. Ga fatake daga Nijar da Cadi suna ɗiba a Dawanau da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. A 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, Nijar ta shiga yunwa, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne hatsi ya yi tsada a arewacin Nijeriya, sai ya riƙa gangarowa kudu maimakon ya hau arewa. Akwai kuma ɓangaren da yake naka ne: riɗinka ba a nan ake cinye shi ba, Sin da Japan da Turkiyya yake tafiya, yana gogayya da na Indiya da Sudan da Habasha da Tanzaniya. Shekarar da nasu ya lalace, dillalai har gida za su biyo ka. Kafin ka sayar da kaka, ka tambayi 'yan Dawanau yadda kasuwar waje take.

Sai dai kada kowa ya rataya wa El Nino dukan tsadar da muka sha a 2023 da 2024, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, an saki naira a Yuni, an rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli, ga 'yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Neja, ga taki da ya yi tsada tun yaƙin Yukiren. Waɗannan su suka ɗauki kaso mafi tsoka. Teku ba ya musu, shi ya sa yake da daɗin ɗora wa laifi.

Game da gonarka, abin da ya fi labarin Fasifik amfani shi ne hasashen da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, take fitarwa a farkon kowace shekara. Yana faɗin lokacin da ake sa ran saukar damina da ɗaukewarta a kowace ƙaramar hukuma, da inda ake tsoron tsayawar ruwa a tsakiya, kuma an riga an sa El Nino da Atilantika duka a cikin lissafin. Ka nemi malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jigawa, ya duba maka na Gumel, ka kuma ci gaba da sauraron gyaran da suke yi a Mayu da Yuni, saboda dalilin da na faɗa ɗazu. Ɗanka kuma hasashen ambaliya na NIHSA, hukumar da ke lura da ruwan koguna, shi ne nasa. Hasashe ba sanin gaibu ba ne, ruwa na Allah ne. In sun ce kashi 60 ruwa zai gaza, to kashi 40 ba zai gaza ba, don haka ka yi shirin da zai fisshe ka ko wanne ya zo.

In an ce damina za ta makara ko ta gajarta, ka ba iri mai saurin nuna kaso mafi girma, kamar geron SOSAT da gyaɗar SAMNUT 24 da ke nuna cikin wajen wata uku, da wake ɗan kwana sittin zuwa saba'in. Amma kada ka yar da irin gida, ka raba gonar, domin in ruwa ya zarce Satumba shi zai ba ka kara da harawa, mai saurin kuma yana iya nuna cikin marka ya lalace. Binne ba laifi ba ne a jigawa, muddin ka ajiye irin sake shuka. Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne watsa taki a ruwan farko. A ma'aunin masana yanayi damina ba ta zauna ba sai an sami milimita 20 cikin kwana biyu ko uku, kuma ba a yi mako guda cur babu ruwa ba a watan da ya biyo. Ka jira shuka ta kama, sannan ka sa ɗan kaɗan a gindin kowace, kamar cikin murfin kwalba, ka rufe da ƙasa, ka raba shi sau biyu. In fari ya zo bayan na farko, na biyun yana buhu bai salwanta ba. Ka ɗaɗɗaure kunya don ruwa ya tsaya a gonar maimakon ya gudu, ka bar gawo da sauran tohon itace su tashi kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi suka farfaɗo da gonakinsu. Shi kuma ɗanka, in zai yi shinkafar damina a inda ruwa yake kwanciya, ya nemi FARO 66 ko FARO 67, waɗanda ke jure nutsewa har wajen mako biyu, kada kuma ya ci bashi mai nauyi a kanta a shekarar da aka yi gargaɗin ambaliya. Ya ajiye ƙarfinsa don rani. In zai gwada alkama, ta shiga ƙasa tsakanin tsakiyar Nuwamba da farkon Disamba, in ta wuce haka zafin Maris zai riske ta tana cika ido.

Maganar rumbu kuwa, ka fara da lissafin bakin gidanka daga wannan kaka zuwa wata kakar, ka ƙara na wata biyu ko uku, wannan ba na sayarwa ba ne ko me aka taya. Gero a daminsa ya fi daɗewa a kan sussukakke, abin da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya umarci mutanen Masar ke nan, su bar hatsi a zangarniyarsa. Wake kuma ka sa shi a buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, ka ɗaure kowace leda da kyau, ba ya buƙatar magani. Buƙatun kaka, biki da bashi da kuɗin makaranta, ka ɗora su a kan riɗi. Rarar da ta saura ka sayar kashi-kashi, kada ka riƙe duka kana jiran El Nino ya ninka maka kuɗi. Waɗanda suka tara masara da shanshera a ƙarshen 2024 da wannan tunani sun ji a jikinsu, domin gwamnati ta ɗage harajin shigo da hatsi, Indiya ta sake buɗe ƙofa, farashi ya karye a 2025 kaya suna jibge a sito.